Abin da Na Bari a Saman Ƙofar Ɗaki na Bakwai

Zuwa ga uwar 'ya'yana, inuwata ta tsakar rana, yayyafin farko a kan busasshiyar ƙasa. Zuwa ga 'yar guntuwar macen da ta cika mini gida ta cika mini ƙirji, wadda tun da ta ɗauki baƙar jakarta ta fita, mako uku ke nan, ko agogon bango ya rage kuzari. Ina gaishe ki gaisuwar da ta fi ƙarfin bakina, ina kuma gaishe da gwiwarki ta dama da ke miki ciwo in hadari ya taso.

Da ƙorafi zan fara, don kin san halina, ba na iya haɗiye abu in yi kamar na sha zuma. Shekara arba'in da uku ina jiran ki ce mini kalma ɗaya a kan abin da na bari a saman ƙofar ɗaki na bakwai. Arba'in da uku, baiwar Allah. Na jira a ranar aurenmu, na jira ranar da kika haifi babbar yarinya, na jira a zaune, na jira a tsaye, na jira har gashin kaina ya gaji ya zube. Ba ki ce uffan ba. Na ce a raina wannan mata miskila ce, to ni ma ba ni zan fara ba. Yanzu ga shi kin tafi gidan 'yarki kin zauna kina fushi saboda abin da ƙawarki Falwaya ta faɗa a gaban jama'a, ni kuma da aka fi zalunta an bar ni da tukwanen da ban san inda murafensu suke ba. Zan zo kan maganar Falwaya. Amma sai kin ji tawa daga tushe. Yau dai ba za ki juya mini baya ki shige kicin ba, takarda ba ta jin kunyar bin mutum har gaban murhu.

Kada ki ba babbar yarinya ta karanta miki. Tabaraunki na cikin jakar, na ga lokacin da kika jefa shi. Rubutun nan nawa ne, da fensirin kafinta na yi shi, kwana tara ina fama. Kin san ban taɓa zama a aji ba. Lambobi a jikin ƙofofin otal na koye su, haruffa kuwa a tsofaffin littattafan yaranmu, bayan na ajiye aiki, a bayan shago inda ba mai gani balle ya yi mini dariya. In kin ga harafi ya karkace ki yi haƙuri da shi. Ƙofa ce ban taɓa ratayawa a karkace ba.

Kin tuna otal ɗinmu yadda yake a wancan zamani? Na san kin fi ni saninsa, ke da kika yi shekara talatin kina shimfiɗa masa gadaje, amma ki bar ni in faɗa, don ni ta ƙofofinsa na san shi. Tsohon gidan wani attajiri ne aka mayar masauki. Ɗaki goma sha biyu kacal, kowanne da launinsa, kowanne da ƙamshinsa, kuma babu ƙyaure biyu masu awo ɗaya. A tsakar gida bishiyar lemo, a gindinta ɗan kwarmin ruwa mai tsartuwa, wanda ba ya yin shiru kuma ba ya damun kowa. Da hantsi rana ta kan ratso ta gilasai masu launi na saman bene, ta zuba ja da kore a kan matakala kamar an ɓarar da kwandon furanni. Baƙi su zo daga ƙasashen da ban iya faɗin sunansu ba, su ce kwana biyu za su yi, su yi mako, su tafi suna waiwaye. Suna zaton bishiyar ce ta riƙe su, ko ruwan. Ni na san kusurwar zanin gadon da kika naɗe ce, wadda take fita a miƙe kamar an ja ta da ma'auni, da matashin da kike bugawa sau biyu ki shafa sau ɗaya har ya yi kamar gajimaren da ya sauko ya huta.

Ranar da na fara ganinki an aike ni ɗakin guga ne in gyara ƙyauren da ke kuka. Na cire shi daga hinji, na jingina shi da kafaɗata, na ɗago kai. Sai ga ki a bayan tebur, kin taka wani akwatin katako, tururi na tashi yana kewaya fuskarki kamar wata a cikin siririn gajimare. Wace irin fuska ce wannan, da za ta sa mutum ya manta yana riƙe da abin da ya fi shi nauyi? Hannuna ya saki. Ƙyauren ya sulale ya kifa ƙasa da ƙarar da ta tashi tantabarun kan rufi, kika zabura, gefen dutsen guga ya kama wuyan hannunki na hagu. Ba ki yi kuka ba. Kika tsoma hannun a bokitin ruwa, kika dube ni daga sama har ƙasa, ko in ce daga ƙasa har sama, kika ce wai kafintan da ƙofa ta fi ƙarfinsa gara ya koma sayar da ƙusa. Na kwashi ƙyaurena na fita ban ce ko sannu ba, ba don rashin tausayi ba, sai don kunya. Da ƙunar ta warke ta bar tabo kamar jinjirin wata, mai tsinkewa a tsakiya, daidai inda awarwaronki ya tare zafin. Tun daga ranar, duk jinjirin watan da ya tsaya a sama sai in ga bai kai naki kyau ba, don nasa ba shi da wannan 'yar tsinkewar.

Da me zan tunkare ki? Ke kina karanta takardar wanki, kina sa hannu da biro, manaja na kiranki da sunanki. Ni ko nawa sunan ban iya rubutawa ba, bakina kuma kamar an buga masa ƙusa. A wannan lokaci ne na ga Uwar Ɗakuna, tsohuwar nan shugabar masu gyaran ɗaki mai tarin mabuɗai a ƙugu, tana bin ɗakuna tana miƙa hannu tana shafa saman kowane ƙyaure da yatsa, ta duba ko da ƙura. Na ji tana faɗa wa wata sabuwar ma'aikaciya wai a saman ƙofa ake gane mai gyaran ɗaki ta gaskiya: baƙo ba ya gani, manaja ba ya gani, amma kowace safiya sai an goge shi da hannu. Sai na ce a raina, ga wurin da ido ba ya zuwa, sai yatsan mai ɗakin. Na tambayi mai gadi wa ke da ɗaki na bakwai, ya ce ke.

Na nemi dalili na sauke ƙyauren, na ce wai ya kumbura, alhali lafiyarsa ƙalau. Na kwantar da shi, na ɗauki wuƙar sassaƙa, na zana tabonki a samansa: jinjirin wata, da tsinkewarsa a tsakiya. Na bi shi da samfefa har ya yi sumul kamar cikin kunnen jariri, don kada tsinke ya soki yatsan da na riga na cutar da hannunsa. Ban-haƙurina ke nan, gaisuwata ke nan, tambayata ke nan, duk a tsawon ɗan yatsa ɗaya. Wasiƙar da jahili ya iya rubutawa ke nan, kuma har gobe ina ganin ta fi wannan da kike riƙe da ita kyawun rubutu.

Washegari muka haɗu a matakalar baya. Kina saukowa da tarin tawul har haɓarki, ina hawa da zarto a hammata. Kika tsaya. Kika dube ni ta saman tawul ɗin, kika yi murmushi. Wayyo wannan murmushi! Kamar an buɗe taga a ɗakin da ya shekara a rufe. Kamar iskar da ke riga ruwa isowa. Kamar lemon tsakar gida ya nuna gaba ɗaya a safiya ɗaya. Na ce saƙo ya isa, an karanta, an karɓa. Da ƙarfin wannan murmushin na tsaya gaban mahaifinki a makon, ni da ko farashin katako sai na yi gyaran murya uku nake tambaya. Bayan aure, da na ga kowane ɗaki kina shiga, na bi sauran ƙyamare goma sha ɗaya, ɗaya bayan ɗaya, kowanne na ƙirƙira masa ciwon da ba shi da shi, har manaja ya fara cewa gidan nan damshi ya yi masa yawa.

Sai na zauna jira. Kin sha kirana gungumen katako, wai tun da muka yi aure ban taɓa faɗa miki magana mai daɗi ba, wai ko akuya ta fi ni iya gaisuwa. Ni kuma in dube ki in cije leɓe, in ce a raina: mace tana shafa maganata sau goma sha biyu kowace safiya, sannan ta dawo gida ta ce ban yi magana ba. Wane irin girman kai ne wannan? Na ƙulla abin a ciki, na yi ta ƙara masa ƙulli kowace shekara.

Sai ga shayin sallama. Ɗan mai otal, wanda ya gaji mahaifinsa, ya tara mu tsofaffin ma'aikata a ƙarƙashin lemon nan kafin a rufe gidan a yi masa gyara. Ko a ranar ta ƙofar baya kika shiga, duk da an buɗe mana ta gaba. Aka ce kowa ya faɗi abin da yake tunawa. Kuku ya faɗi nasa, mai gadi ya faɗi nasa. Sai Falwaya, ƙawarki, abokiyar aikinki ta shekara talatin, doguwar nan da sai ta sunkuya take shiga ɗakin guga, ta miƙe tana dariya tana share ido, ta ce tunda duk an tsufa, mijinta ma ya riga mu gidan gaskiya, bari ta fasa wani sirri. Wai kafinta ya taɓa sonta. Wai ya sassaƙa mata alama a saman kowace ƙofa, sha biyu cif, kowace safiya yatsanta na bi ta kansu, ta yi shiru saboda amanar ƙawance. Kowa ya kwashe da dariya, mai gadi har da buga cinya. Na dube ki. Kika ajiye kofinki a hankali, yadda kike ajiye gilashin baƙo, ba ƙara, kika miƙe kika fita ta inda kika shigo. Na tashi na bi bayanki. Kafin in iso gida kin ɗauki jaka.

Kwana uku bayan haka na je gidan Falwaya da niyyar faɗa. Ban samu na yi ba. A bakinta na ji abin da kowace mai gyaran ɗaki a gidan nan ta sani, ni kaɗai ne ban sani ba: tun makonku na farko kuka raba aiki, sama tata, ƙasa taki. Ita labule, fanka, saman kabad, saman ƙofa. Ke gado, tawul, kusurwa, ƙarƙashin kujera. Ɗaki na bakwai sunanki ne a takarda, amma yatsanki bai taɓa kai saman ƙyaurensa ba, ko sau ɗaya.

Ni, mai awo! Ni da nake gane ƙofa ta karkace da faɗin gashi tun daga bakin baranda, ni da injiniyoyi ke kira in awonsu ya ƙi, ban auna hannun matata ba. Ƙyauren nan ƙafa bakwai da rabi ne. Ke kuwa kanki daidai aljihun rigata yake tsayawa. Da idona na gan ki a kan akwati ranar farko, tebur ma sai da taimako kike kai shi, amma so ya rufe mini lissafi. Shekara arba'in da uku ina fushi da ke a kan wasiƙar da na jefa ta tagar da ba taki ba. Ba na ganin laifin Falwaya. Abu ne ya zo hannunta a wurin da ita kaɗai ke kaiwa, me za ta zata? Na faɗa mata gaskiya, na kwatanta mata tabon hannunki, wanda ita ce ma ta ɗaure miki shi a ranar. Ta ce in sha ruwa in tafi. Wannan ma nauyi ne a wuyana, kuma zan ɗauka.

Amma ki sani, hasken idona, ba sha biyu ba ne kaɗai. Kin tuna shekarun da ɗan kwangila ke ɗaukata mu yi wata biyu, wata uku, ki ce na fi son katako da iyalina? Duk inda na rataya ƙofa na bar tabonki a samanta. Kuma wurare ne da ya kamata idonki ya gani kafin mu bar duniya, ke da kika ƙarar da ƙuruciyarki kina gyara wa wasu wurin hutu.

Akwai wani a bakin teku, ɗaki tara, da can rumbun ajiye komar masunta ne. Sun bar ginshiƙansa baƙaƙe yadda gishiri ya cinye su, suka zuba farin lilin da fitilu masu laushin haske a tsakaninsu. Tagogi tun daga rufi har ƙasa, kwamin wanka yana fuskantar ruwa, sai mutum ya rasa ko shi ke wanka ko tekun. Da safe a kwando ake kawo karin kumallo a rataye a hannun ƙofa, ba a ƙwanƙwasawa. Can katako na shan damshi ya kumbura, don haka na bar wa kowane ƙyaure sarari kaurin farce, ya numfasa. Ina sassaƙa tabonki ina jin igiyar ruwa na zuwa tana komawa, tana zuwa tana komawa, kamar numfashinki in gajiya ta kwantar da ke bayan azahar.

Akwai wani a kan tsauni, wanda mota ke hawa tana nishi. Can gajimare ke shigowa baranda kamar baƙon da ya saba da gidan, ya ratsa tsakanin kujeru ya fita ta ɗaya gefen. An bi ƙarƙashin daɓen da bututun ruwan zafi, mutum ya taka da ƙafa ba takalmi ya ji kamar ya taka bayan kyanwa. Gwiwarki na tuna, wallahi, tun kafin ta fara ciwo. Ƙyamaren can kaurinsu faɗin tafin hannu ne, mutum huɗu ke ɗaga ɗaya, amma da na gama da su yatsa ɗaya ke tura su. In ka rufe, shiru ne ke sauka a ɗakin, irin shirun da kike yi mini in na ɓata miki rai, sai dai wannan ba ya ƙona ciki.

Akwai na kan tafki, ɗakuna a kan dirkoki, da gadar katako daga wannan zuwa wancan, da gilashi a tsakiyar daɓe inda kifaye ke wucewa ƙarƙashin ƙafar mutum suna harkarsu. Ƙofofin can masu zamewa ne, samansu na shigewa cikin kwarmi, ba yatsan da zai taɓa kaiwa har abada, ko na Falwaya. Duk da haka na sassaƙa kafin in ɗora. Wa nake yi wa, in ba ke ba? Wa zai gani, in ba Allah ba?

Sai babban nan na tsakiyar birni, mai hawa talatin, mai ƙofa ɗari huɗu. Ba zan rage masa ba, ya yi kyau: daɓen farin dutse mai sheƙi har kana jin kunyar takalminka, fitilu na lilo daga rufi kamar an tsinko taurari an ɗaure da zare, wurin ninƙaya a kan rufin gini inda ruwa ke ƙarewa a bakin sararin sama. Amma inji ne ya yi ƙofofinsa, mu ratayawa kawai muka yi, kuma ɗakunansa ba su da ƙamshin kowa. Can ne wani injiniya mai jar hula ya miƙo mini takardar awo a gaban mutane, yana sane ban iya karatu ba, ya ce baba duba mana. Har yau ban yafe masa ba. Ƙofa arba'in da ya auna da takardarsa sai da aka sake sauke su. Nawa ko ɗaya ba a taɓa ba. Ranar buɗe gidan aka kafa allon tagulla da sunayen waɗanda suka gina shi, nasa na ciki, mu kuma aka ce mu bi ta ƙofar kaya. Ban damu ba, don a hawa na ashirin da bakwai, ɗakin ƙarshe na hagu, akwai ƙyaure ɗaya da na faki idonsa na sa wa hannu. Shi sunansa na ƙasa inda ake jingina laima. Ke kina can sama kusa da tsuntsaye.

Ɗari biyu da goma sha ɗaya ne duka, na riƙe su a ka. A wannan sa'ar da kike karantawa, wani baƙo a wata ƙasa yana rufe ƙofa a bayansa yana sauke ajiyar zuciya, bai san a ƙarƙashin wuyan hannunki ya shige ba. Mutane na yin tafiyar kwana da kwanaki don su kwana a waɗannan ɗakuna, suna ɗaukar hoton labule da kwamin wanka, suna ba 'yan uwansu labari. Da sun tambaye ni da na faɗa musu yadda ake gane masauki na ƙwarai: ka rufe ƙofa ka saurara, in ta zauna a mazauninta ba kuka ba gardama, to gidan na da mai kula. Ke kuma da kin ce a ɗaga bargo a duba kusurwar zanin gado. Mu biyu mun fi duk masu rubuta labarin otal sanin otal, amma ba mu taɓa kwana a ko ɗaya ba. Ko bakin gadon baƙo ba ki taɓa zama ba, na sani, ko da ƙafarki na rawa don gajiya.

To ga abin da ke tafe. Ran Litinin ta sama za a sauke ƙyamaren otal ɗinmu duka, a sa sababbi masu buɗewa da kati. Ɗan mai otal yaron kirki ne, ya ce in ina so ya sa a kawo mini na ɗaki na bakwai har gida. Na ƙi. Ƙyauren da aka kwantar a ƙasa katako ne kawai, kuma ba zan shimfiɗa miki maganata a tsakar gida kamar shanya ba. Inda na ajiye ta, can za ki same ta. Da ya ga na kafe, sai ya ce to ɗakin namu ne ran Juma'a da Asabar, kafin masu gyara su shigo. An wanke labulen nan shuɗi, lemon ya yi 'ya'ya, ruwan tsakar gida na nan yana 'yar hirarsa.

Na yi miki matakala. Taki uku, da jan katako, da abin riƙewa a dama saboda gwiwar. Wannan karon na auna. Na je kicin na duba ƙusar da kike rataya matsami a kai, wadda na san ita ce iyakar miƙewarki, na ɗauki awonta daga ƙasa, na cire daga ƙafa bakwai da rabi, na ƙara faɗin tafi ɗaya don kada ki yi ɗage. Sau uku na sake awon. Ni zan riƙe ta da hannuna biyu, kuma wannan karon ba zan saki ba, ko da kin dube ni. Ki hau, ki miƙa hannunki na dama, ki shafa daga ɓangaren hinji zuwa tsakiya. In kin ji jinjirin wata, ki bi shi a hankali har inda ya tsinke. Sannan ki sauko ki shafa wuyan hannunki na hagu, ki faɗa mini ko na wata ne.

In kin yarda da ni, na yi alkawari matakalar nan ba za ta zauna a gida ba. Mai naɗewa ce, tana shiga bayan mota. Za mu je bakin teku, mu hau tsauni, mu taka gadar tafki, har hawa na ashirin da bakwai sai na kai ki, ta ƙofar gaba, ki wuce allon tagullar nan ko kallonsa kada ki yi. Ki zauna a bakin gado, ki cire takalmi, wata ta kawo miki tawul. In kin ga kusurwar zanin ba ta fita ba, ki kau da kai, ranki ya daɗe, ba aikinki ba ne yanzu.

Saura abu ɗaya, kuma shi ne ya hana ni sakat tun ranar da na baro gidan Falwaya. Shekara arba'in da uku ina tafe da ƙirji a buɗe, ina cewa da aikin hannuna na samu matata. Yanzu an ce saƙon bai taɓa isa ba. To murmushin matakalar baya fa? In ba ki shafa komai ba a safiyar nan, me kika gani? Mutumin da ya ƙona miki hannu, bai ce sannu ba, bai iya rubuta sunansa ba, bai iya buɗe baki ba, kika tsaya da tawul har haɓa kika yi masa wannan murmushi, kika kuma ce wa mahaifinki kin amince. Don me? Na tambayi mai gadi, ya ce shi ƙofa aka ba shi tsaro ba zuciya ba. Na tambayi babbar yarinya, ta ce in tambayi mai abin. In garin katako ne kika gani a gashin kaina ya ba ki dariya, ki faɗa mini, zan iya ɗauka. In tausayi ne, ki faɗa, zan haɗiye ko da zai tsaya mini a wuya. In kuwa wani abu ne daban, wanda kika ajiye a wani saman ƙofa naki da ni ma hannuna bai taɓa kaiwa ba, to ki nuna mini wurin, in kawo tsani.

Ko me amsar ta zama, ni naki ne. Naki ne tun ranar da ƙyaure ya faɗi, naki ne a ɗaki ɗari biyu da goma sha ɗaya, naki ne har ranar da za a rufe mini ƙofar da ba ni na rataya ba. Katako na tsufa ya tsage, hinji na tsatsa ya saki, amma abin da na sassaƙa a nan cikin ƙirji ba a sauke shi ran Litinin.

Ran Juma'a da ƙarfe huɗu zan tsaya a ƙofar gaba, da farar rigar da kika goge mini kafin ki yi fushi, da matakala a hannu. Zan tsaya har ki zo. Kin san taurin kaina, ba sai na rantse ba.

Mijinki, gungumen katakonki,
Kafinta.

Na yi tambaya da wuƙa, ba a ji ba. Yau na yi da fensir, na kuma ajiye ta daidai tsayinki. Ba ki da sauran hujja. Ki amsa mini.